"Ku Kwantar Da Hankalinku": Yaushe Wannan Kalma Take Zama Cin Amana?

'Yan uwa, ga wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Idan hukuma tana gyaran babbar madatsar ruwa, sai ta hango haɗari amma ba ta da tabbas, ta faɗa wa mutane ne ko ta yi shiru don kar a firgita? Mu da muka ga abin da ya sami Maiduguri a 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, mun san ba tambayar wasa ba ce.

Bari mu ɗauki misali daga Amurka. Madatsar Oroville da ke jihar Kalifoniya ita ce mafi tsayi a ƙasar, an gama ta a 1968. Ranar 7 ga Fabrairu 2017 aka ga wani ƙaton rami a babbar magudanar da ake sakin rarar ruwa ta cikinta. Jami'ai suka yi ta cewa jikin madatsar lafiya lau yake. Kuma fa ba ƙarya suka yi ba, ita kanta madatsar ba ta tsage ba. Ranar 11 ga wata ruwa ya tsallake ta magudanar ko-ta-kwana, karo na farko a tarihinta, ya fara cinye ƙasar tudun da ke ƙarƙashinta. Washegari da yamma sai ga sanarwa: kowa ya fita yanzu-yanzu, bangon na iya ruftawa cikin awa ɗaya. Mutum kusan 188,000 suka kwasa lokaci guda, tituna suka cushe. Allah Ya kiyaye, bangon bai rufta ba, bayan kwana biyu aka ce su koma gida.

To ina matsalar? Ai mutum zai iya faɗin magana ta gaskiya ya bar ka da fahimtar da ba gaskiya ba. Shi manomin da ke zaune a ƙasan madatsa ba ruwansa da bambancin bango da magudana. Abin da yake tambaya ɗaya ne: ni da iyalina mu kwana a nan ko mu tashi? Idan ka amsa masa wata tambayar daban, ka bar tasa, ka yaudare shi ko da kowace kalma taka daidai ce.

Wani zai ce, Malam, ai firgici ma yana kisa. Haka ne, ban musa ba. Amma ku duba da kyau, me ya kawo rububin ranar? Mutanen da aka ce musu ba komai, sannan aka ba su awa ɗaya. Da tun farko an ce, "Ba mu da tabbas, ku haɗa takardunku da magunguna, ku zuba mai a mota, mai tsoho ko marar lafiya ya fara matsar da shi," da abin ya zo da sauƙi. "Ba mu sani ba tukuna" magana ce mai nauyi a bakin mai muƙami, na sani, amma ita ce take ba wa talaka damar yin dabara.

Da aka shiga gyaran ma sai da aka ja. Hukumar ruwa ta jihar ta riƙe wasu rahotannin masana da hujjar tsaro, sai da aka matsa mata ta saki wasu, an shafe wasu wurare. Hujjar tsaro tana da gurbinta, ba za a baje wa kowa sirrin ginin madatsa ba. Sai dai mizanin da nake gani shi ne: wa ɓoyewar take karewa? Idan jama'a ne, to. Idan kujerar wani ce, wannan kuma sunansa daban.

Gyaran ya ci fiye da dala biliyan ɗaya. Kwamitin bincike mai zaman kansa ya fitar da rahotonsa a Janairun 2018, ya ce matsalar ta samo asali tun daga tsarin ginin da kuma shekaru na rashin lura da alamun da ke bayyane. Su kuwa mutanen da ke kwana a ƙarƙashin ruwan, sai bayan sun gudu sun dawo suka ji wannan bayanin.