Ko Kwaikwayo Ƙarya Ne? Wasan Kara, Rawar Bale da Wasan No

Malamai sun daɗe suna saɓani a kan wasan kwaikwayo, domin mai yin sa yakan amsa sunan da ba nasa ba, ya kuma furta abin da bai ƙudura a zuciyarsa ba, wanda a zahiri siffar ƙarya ce. Sai dai sharaɗin ƙarya shi ne nufin yaudarar mai saurare, kuma a nan ne wasannin al'ummomi ke taimaka wa mai nazari.

A ƙasar Damagaram an san wasan kara, wato wasan da samari ke naɗa wa junansu sarautu da muƙamai, su haɗa kayan mulki da karan hatsi, su kwaikwayi tafiyar masu iko da maganarsu. Fuskar mai wasan a buɗe take, kowa ya san ɗan gidan wane ne ya sha rawani, kuma wannan sanin ne ke kawo dariyar, don haka ba a yaudari kowa ba.

Rawar bale, wadda Sarki Luwi na 14 ya kafa wa makaranta a Faransa a 1661, ba ta magana, abin da take ɓoyewa shi ne wahala, har mai rawa ta tsaya a kan 'yan yatsun ƙafa kamar ba ta da nauyi. Wasan No na Japan, wanda Zeami ya daidaita ƙa'idojinsa kafin rasuwarsa wajen 1443, fuska yake ɓoyewa: babban ɗan wasan yakan sa fuskar katako, ya riƙa jan ƙafa a hankali ba tare da ɗaga diddige ba, in ya ɗan sunkuyar da kai inuwa ta sa fuskar ta nuna baƙin ciki, in ya ɗaga ta haskaka. Sau da yawa fatalwa yake wakilta, mai neman addu'ar malamin addinin Buda, amma 'yan kallo sun san katako ne.

Matsalar da ta fi cancantar a dube ta ita ce izgili, wanda Suratul Hujurat ta hana, kuma wasan kara ya fi sauran biyun kusantarsa, tunda rayayyun mutane yake kwaikwayo. Saurayin da ya nuna gaggawar alƙali wajen yanke hukunci ya taɓa aikin muƙami, wanda jama'a ke da hakkin dubawa, amma wanda ya kwaikwayi in'inarsa ko gurguntarsa ya taɓa halittar da mutumin bai zaɓa wa kansa ba.