Maganin taɓin hankali da zargin raunin imani

A gidaje da yawa, ranar da aka ɗora mutum a kan maganin taɓin hankali ake rabuwa gida biyu: masu cewa asibiti da masu cewa a kai wa malam. A gidanmu illar maganin ce ta hura wutar gardamar fiye da cutar kanta.

Ƙanena ya fara jin muryoyin da babu mai jin su sai shi. Aka ba shi haloperidol. Bayan 'yan kwanaki wuyansa ya murɗe gefe guda, idanunsa suka kafe sama, harshe ya yi masa nauyi. Gwaggonmu ta ɗora hannu a ka tana cewa, "Ba na gaya muku ba? Mutanen ɓoye ne, kun tsokane su da ƙwaya." Ban ga laifinta ba, duk wanda ya ga wannan hali dole hantarsa ta kaɗa. Amma likitoci sun daɗe da sanin abin. Maganin yana toshe aikin wani sinadari na ƙwaƙwalwa mai suna dopamine, shi kuma sinadarin yana da hannu a motsin jiki, shi ya sa tsoka ke ƙagewa, musamman ga samari. Likita ya rage maganin, ya haɗa masa da benzhexol, wuya ya saki. Abin takaici, wannan ƙwayar ce wasu matasanmu ke sha a banza da sunan Exol.

Masu cewa shan magani raunin tawakkali ne, ina tuna musu abin da malamai irin su Gazali da Shaɗibi suka karantar: shari'a ta zo ne don kare addini da rai da hankali da zuriya da dukiya. Don kare hankali aka haramta giya. To, ta yaya neman dawo da hankalin da ya gushe zai zama rashin imani? Wanda hankalinsa ya tafi an ɗauke masa nauyin ibada, kuma da maganin nan Allah ya mayar da ƙanena sahun salla. Ba mu daina yi masa ruƙiyya ba, maganin ma bai hana ba.

Sai dai akwai wahalar da ba na son a rufe ta. Tun da aka fara amfani da chlorpromazine a Faransa a 1952, ba a samu maganin wannan cuta marar illa ba. Olanzapine na sa ƙiba, yana iya jawo ciwon sukari. Risperidone na iya tsayar wa mace al'ada, har nono ya kawo ruwa ba ta haihu ba. Ƙanena ya taɓa ce mini, "Yaya, muryoyin sun tafi, amma ji nake kamar an lulluɓe ni da jiƙaƙƙen bargo." Barci kan danne shi har Asuba ta wuce, kuma wannan ya fi komai ci masa rai. Mu masu lafiya mukan ɗauki irin wannan kuka a matsayin sauran ciwo, alhali mutum ne mai hankali yake faɗin gaskiyar jikinsa, kuma sauraronsa amana ce a wuyanmu.

Don Allah, idan naku ya koka da magani, kada ku zubar da ƙwayar, domin tsayar da ita farat ɗaya kan dawo da cutar. Ku koma da shi wurin likita, ku bar shi ya faɗi damuwarsa da bakinsa, ku nemi a rage ko a canza.