Gwangwanin Kakata

A ɗakin kakata, a unguwar Bilbis, akwai wani gwangwanin madara da fentinsa ya goge har ba a iya karanta sunan da ke jikinsa. Ƙarƙashin gadon ƙarfe yake zama, bayan kwanonin samira. In ka girgiza shi sai ka ji kamar ruwan farko ya fara sauka bisa rufin kwano. Maɓallai ne cike da shi, farare da baƙaƙe, masu ido biyu da masu ido huɗu, na roba da na ƙarfe. Cikinsu akwai ɗiyan wuri uku, da ɗan makullin da ba a san ƙofarsa ba, da takardar dala ɗari da ta mutu a hannunta lokacin da bankin BCEAO ya janye tsoffin takardun kuɗi a 2004. Akwai kuma anini guda mai huda a tsaka, kuɗin zamanin Ingilishi, wanda kakana ya zo da shi daga Sakkwato. Ita kam ba ta rarrabewa: kuɗin da maɓallan duka anini take ce musu.

Daga ƙauyenmu na wajen Barmu anka kawo ni Tawa wurinta don in shiga lakwal. Ita ta haifi mahaifiyata, kuma da wasan jika da kaka take kirana maigida. Ranar da ta ga dama sai ta shimfiɗa zane ta juye mini gwangwanin. In jera sojoji, in kafa kasuwa, in sayar mata da raƙumi a kan maɓalli biyar, ta ce na cika tsada. Ko yau in anka ce mini in faɗi lokacin da na fi jin daɗin duniya, wancan zanen nake gani.

Tambayar da ta sa ni wanga rubutu ita ce: shin wagga kewa da nake ji tana da gaskiya? Ina da haƙƙin yin begen wancan lokaci?

Ga dalilin da ya sa nake tambaya. Sai da na girma na gane abin da ya tara maɓallan. Kakata ba ta yarda a yar da riga da maɓallanta. In riga ta ƙare, ko ta bosho ce ta kasuwar Lahadi, sai ta sa reza ta yanke su ɗaya bayan ɗaya, sannan rigar ta zama tsumma ko ganwo. Wanda ya ga yunwar 1973, ya ga ta 1984 da mutanenmu ke kira El Buhari saboda rufe iyakar Najeriya da anka yi a shekarar, ya kuma wayi gari a watan Janairun 1994 anka ce sefa ta rasa rabin darajarta, ba ka koya masa tattali. In na tambaye ta, "Kaka, mi za ki yi da su?" sai ta ce, "Ajiya maganin wata rana, maigida." Ashe abin da na ɗauka kayan wasa, shaidar rashi ne.

Bayan rashi kuma akwai jira. Duk ɗan Adar ya san biɗa. Da an gama girbi maza su ɗaure kaya, wasu Abijan, wasu Najeriya, wasu Kamaru, wasu Libiya, a bar mata da tsofaffi da yara suna ƙidayar watanni. Kakana ya yi shekaru yana zuwa Abijan. Ɗiyanta maza sun bi sawunsa. Ita ba ta yi boko ba, ba ta rubuta wasiƙa, sai dai kaset ɗin da ake aikowa ta saurara har zaren ya tsinke. Gwangwanin nan shi ne kayenta. Takan ɗauki maɓalli ta ce, "Wanga na rigar da kakanka ya tahi da ita Abijan na, shekarar da anka haihi uwarka." Ni kuwa hankalina yana kan sojojina.

Cikin maɓallan akwai biyar na ƙarfe, iri ɗaya, na wata rigar jins. Rigar Kawu Auta ce, wadda ya yi aikin gini da ita har ta yage kafin ya tafi Libiya a 2009, ta hanyar Agadas da Dirku. A 2011 ƙofofi biyu sunka rufe wa Adarawa lokaci guda: rikicin zaɓe a Kodibuwa, yaƙi a Libiya. Manyan motoci sunka yi ta sauke mutane, wasu da katifa bisa kai, wasu ba ko takalmi. Kullum kakata sai ta aiki wani tasha ya tambayo. Auta bai sauko daga kowace mota ba. Har yau.

A wannan bazarar ce na saci ɗaya daga cikin biyar ɗin. Shekarata tara. Muna buga ƙwallo da marafan kwalba cikin rairayi, ni kuma ina son kyaftin da ba wanda ke da irinsa. Kwana biyu na yi ina taƙama da shi, a na uku ya nutse cikin ƙasar filin lakwal. Da maraice na iske kakata durƙushe tsakar gida da rariya, tana tankaɗe rairayi. Ta ɗago ta ce, "Maigida, ba ka ga wani anini na ƙarhe ba? Na Auta na." Na ce ban gani ba. Har na taya ta nema. Kuma, Allah ya gafarta mini, a raina dariya nake yi: tsohuwa tana tankaɗe ƙasa saboda maɓalli.

To, ƴan uwa, kun ga inda matsalar take. Shekarar da nake tunawa da mafi daɗi a rayuwata, ita ce mafi ɗaci a rayuwarta. Ɗaki ɗaya, zane ɗaya, gwangwani ɗaya. Ni ina wasa, ita tana ƙidayar ɗanta.

Da na karanta farkon wanga rubutu a zamanmu na ƙungiya, mutum biyu sunka tsaya mini, kuma ban raina hujjar ko ɗayansu ba.

Na farko ya ce, duk wannan tarkace ne. Likkafani ba shi da aljihu, ba shi da maɓalli. Riƙe kayan mamaci son duniya ne da anka yi wa kwalliya, abin da ke amfanin mamaci addu'a ce da sadaka. Na yarda addu'a ta fi gwangwani, nesa ba kusa ba. Amma son duniya shi ne ka riƙe abu don abin da zai ba ka. Maɓallin Auta ba ya sayen ko ƙwayar goro. Kakata ba dukiya take tarawa ba, mutane take hana kanta mantawa, kuma na sha jin ta, in ta taɓa na wanda ya rasu, tana cewa Allah ya jiƙan shi. Abin da ke tuna maka da yin addu'a bai zama kishiyar addu'a ba.

Ta biyu ta fi sa ni shiru. Ta ce, kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma mu ɗalibai mun iya yi wa talaucin iyayenmu ado. Muna zaune da wayoyi a hannu muna cewa da can an fi zaman lafiya, alhali ba mu ne munka yi daka ba, ba mu ne munka jawo ruwa daga rijiya mai gaba ashirin ba. Ta ce kewa irin tamu cin amana ce, don tana goge wahalar wanda ya sha ta. Na yi mako guda ina juya maganarta.

Ga abin da na tsayar. Daɗin da na ji bisa wancan zane ba ƙarya ba ne, kuma bai faɗo daga sama ba. Wata ce ta yi shi da hannunta. Matar da ba ta san ko ɗanta na raye ba ta iya share hawaye ta zauna tana taya jikanta cinikin raƙumi. Ta ɗauki kayan baƙin cikinta ta ba ni in yi wasa da su. In na ce ba ni da haƙƙin tuna daɗin, na yar da kyautarta. In kuma na tuna daɗin kawai, na manta wanda ya biya, na sake yi mata sata. Kewa mai gaskiya ita ce wadda ta san farashin abin da take bege, ta kuma san sunan wanda ya biya shi. Wadda ba ta san haka ba, abokiyar karatuna ta yi daidai, ado ce kawai.

Kakata ta rasu a 2019. Da anka zo rabon gado, malam ya lissafa awaki biyu, gadon ƙarfe, kwanoni, zannuwa. Anka fitar da rabon Auta anka ajiye, kamar yadda ake yi wa wanda ya ɓata ba a tabbatar da mutuwarsa ba. Gwangwanin bai shiga lissafi ba. Wata gwaggo ta ce a ba yara su yi wasa. Ni ɗan ɗiya mace ne, ba ni da gado a nan, don haka na roƙi mahaifiyata da kawunnaina, sunka ce in ɗauka, suna mamakin abin da zan yi da shi.

Daren nan na juye shi na ƙidaya. Maɓalli 214. Na ware waɗanda na san labarinsu: tara, har da huɗun Auta. Sauran 205 sun koma maɓallai kawai. Kowane ɗaya rigar wani ce, tafiyar wani ce, amma mai karatun ta tafi da karatunta. A nan na gane laifina na biyu, wanda ya fi na farko girma. Yaro ɗan shekara tara ya saci maɓalli, wannan ƙuruciya ce. Amma na kai shekara goma sha bakwai tana raye, ina lise, ina haddace ranakun yaƙe-yaƙen Turai, ban taɓa zama da biro da kaye na ce, "Kaka, wanga fa na wane ne?" ba. Ban kuma taɓa gaya mata inda na biyar ɗin ya shiga ba. Kullum sai in ce sai wani hutun.

Jami'armu ta Tawa tana ɗauke da sunan Jibo Hamani, wanda ya rubuta tarihin Adar kafin zuwan Turawa. Tarihin sarakuna da yaƙe-yaƙe ya samu masu rubuta shi, kuma mun gode musu. Tarihin matan da sunka yi jira fa? Yana ƙarƙashin gadaje, cikin gwangwanaye da ƙullin tsumma da tsoffin akwatuna, kuma ba ya karantuwa sai da bakin mai shi. Kada mu ce waya ta ɗauke mana wanga nauyi. Saƙon murya na WhatsApp ya maye gurbin kaset, gaskiya ne, amma wa ke da saƙon da anka aiko masa shekara biyar da ta wuce? Waya ta faɗa ruwa, ko an sace ta a tasha, shi ke nan.

Ba na ce kowa ya fara tara tarkace ba. Roƙona ƙarami ne. In hutu ya zo kun koma gida, Kalfu ko Bambai ko Keita ko Illela, akwai tsohuwa ko tsoho mai irin wannan ajiya. Ku ce a juye muku ita bisa zane. Ku tambaya ɗaya bayan ɗaya. Ku tambaya har da abin da ba shi da daɗin ji: a wace shekara, da wace yunwa, ana jiran wa. In kuma akwai wani abu da kunka ɗauka ba a sani ba, ku faɗa tun mai shi na iya yi muku dariya ko faɗa.

Gwangwanin yana ɗakina yanzu, ƙarƙashin katifa, kusa da takarduna. Na ƙulle huɗun nan na ƙarfe daban cikin ƙyalle, don ba nawa ba ne, ajiya ce. In Allah ya sa Kawu Auta ya sauko daga wata mota wata rana, zan miƙa masa su, in gaya masa biyar ne, in kuma gaya masa wanda ya ɓatar da ɗayan.