Jan Haske a Sararin Sama



A watan Mayu na 2024 hotuna suka yi ta yawo a wayoyinmu: sama ta yi jajir da tsakar dare a Turai da Amurka, har Meziko. Mun ji ana ta faɗi a kasuwar Sara cewa ƙarshen duniya ya zo, har wasu cikinmu suka yi sanyin jiki da sharar gona, ga damina tafe.

Wannan haske, wanda masana ke kira aurora, daga rana tushensa yake. Tsakaninmu da ita kilomita miliyan 150 ne. Kusan kowace shekara 11 takan tumbatsa, ta yi ta feso ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki, su iso nan cikin kwana ɗaya zuwa uku. Amma Mahalicci ya kewaye duniya da garkuwar maganaɗisu, wadda ke karkatar da su can ƙuryar arewa da ta kudu. A can sama, kilomita 100 ko fiye, sai su yi karo da iska, ita kuwa ta ba da haske kore ko ja. Mu da ke kusa da tsakiyar duniya ba ya kaiwa gare mu. Ɓarnarsa kan na'urori take: ranar 13 ga Maris 1989 irin wannan feshi ya ɗauke wutar lardin Kibek na Kanada har awa 9.

Ba mu ce sama ba ta yi wa zuciya magana ba. Daren 25 ga Janairu 1938 jan haske ya rufe Turai, mutane suka zaci gobara ce. Sista Lusiya ta Fatima ta ɗauke shi alamar yaƙin da Uwargida Maryamu ta yi gargaɗi a kansa tun 1917, aka kuwa shiga yaƙin a 1939. Duk da haka Ekklesiya ba ta ɗora wa kowa wannan fahimta a matsayin tilas ba. Abin da aka roƙa a Fatima tuba ne da addu'ar rosari, ba lissafin ranar ƙarshe ba, ranar da Ubangijinmu Yesu ya koya mana cewa Uba kaɗai ya san ta.

Saboda haka wanda ya nuna mana hoton jar sama yana neman kuɗin addu'ar tsari, mu sallame shi cikin ladabi, mu sanar da Fada ko katikis bayan Misa. Iri kuwa a tanade shi, a gyara garma.