Ƙaramin Sunan da Ke Ƙasan Hoto

A watan Fabrairun 1851 wani Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashenmu da sunan Abdulkarim, ya hau dutsen Dala da fensir da takarda, ya zana Kano yadda ya hango ta. Hoton ya fito a littafin tafiye-tafiyensa mai juzu'i biyar, wanda aka buga da Turanci da Jamusanci a 1857 da 1858, kuma har gobe ana yawo da shi: gidajen ƙasa, bukkoki, itatuwan dabino, gari ya miƙe iya ganin ido. Kowa ka tambaya zai ce maka hoton Barth ne. To, abin da Barth ya koma da shi gida zayyanar matafiyi ce kawai. Wani mai zane, Johann Martin Bernatz, wanda bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, shi ya zauna ya mayar da ita cikakken hoto. Bayansa wani ya goge dutsen ɗab'i har ya yi sumul, wani ya kwafe zanen a kansa, wani ya dama tawada, wani ya ja inji, wani ya ɗinke littafin. Mutum ɗaya ne ya hau Dala, amma hannu da yawa ne ya sauko da Kano kan takarda.

Da ku nake, masu cin abinci da guminku. Kafinta da tela, maƙeri da birkila, makanike, mai walda, marini, baduku, yaron maɗaba'a da ke kwana yana naɗe takarda, da matar da ke ɗinkin hula tsakanin girki da raino. Na san abin da ke cin ranku wani lokaci: a yi aiki da hannunka, a yaba wa wani. Ku zo mu buɗe tsofaffin littattafan Turai masu hotunan tsuntsaye da duwatsu da yaƙe-yaƙe, waɗanda yau ake ajiyewa cikin gilashi ana gwanjonsu da kuɗi mai nauyi. Mutane irinku ne suka yi su.

Ku fara da Thomas Bewick. An haife shi a 1753 a wani ƙauye a arewacin Ingila, ɗan manomi ne wanda ke haɗa noma da haƙar kwal. Yana ɗan shekara 14 aka kai shi koyon sana'a shagon Ralph Beilby a birnin Newcastle, ya yi shekara bakwai a ƙarƙashin maigida. Kada ku zaci shagon manyan zane-zane ne. Aikin da ya zo shi ake yi: rubuta suna a jikin cokali, sassaƙa lambobi a fuskar agogo, allon ƙofar gida, kan takardar rasit na 'yan kasuwa, har da ƙarfen wuyan kare. Aikin katako shi ne mafi arha a shagon, wanda maigida ba ya so, don haka aka tura wa yaro. A cikin wannan aikin da aka raina ne yaron ya tono abin da ya canja harkar littattafai.

Kafin shi, galibi ana fafe hoto ne da wuƙa a gefen katako, ya fito da kauri, ba tsari. Bewick ya ɗauki wani icce mai tsananin tauri da aka yanka a gicciye, kamar yadda ake yanka rake gaɓa-gaɓa, ya riƙa sassaƙa a kan fuskar yankan da ɗan siririn ƙarfen da ake zanen tagulla da shi. A nan tsokar icce ba ta tsagewa, sai ta karɓi layi mai sirantar gashi. Duk inda ƙarfe ya ci zai fito fari a takarda, inda aka bari shi ke ɗaukar tawada, kuma komai a juye ake yin sa, dama ta koma hagu. Idan hannu ya zame, ba abin gogewa, sai dai a huda wurin a cusa sabon guntu a sake. In yana son dutse ko gajimare ya yi nisa a ido, sai ya ɗan rage tsayin katakon a wurin don tawada ta taɓa takarda sama-sama. Babbar riba kuwa ita ce, katakon tsayinsa ɗaya da haruffan ɗab'i, ana jera su tare a buga rubutu da hoto a bugu ɗaya. Wannan ne ya sa littafi mai hoto ya sauko daga gidan attajiri ya shiga hannun talaka.

Da rana yana aikin shago, da dare bayan an tashi yake sassaƙa dabbobinsa. Littafin dabbobi masu ƙafa huɗu ya fito a 1790, na tsuntsayen Birtaniya kuma juzu'i na farko a 1797, na biyu a 1804. Ku lissafa shekarun da kanku, ku ga irin daren da aka raba. Kuma hanyar ba ta rasa ƙaya ba. A 1789 ya gama babban hoton wani bijimin daji na Chillingham, aikin da ya fi alfahari da shi. An buga 'yan kofe kaɗan, aka bar katakon inda rana ke duka, ya tsage. Duk mai sana'ar da ya taɓa ganin aikin makonni ya lalace a yini ɗaya ya san yadda maƙogwaro ke bushewa. Bewick ya koma kan bencinsa. Shekara guda bayan haka littafin dabbobin ya fito. Yau akwai tsuntsaye biyu da masana ke kira da sunansa, ɗaya a Turai ɗaya a Amurka, shi da ya fara da ƙarfen wuyan kare.

Abin da ya fi burge ni a duk tarihin nan ya zo ne bayan rasuwarsa. Ranar 14 ga Mayu, 1842, aka fara buga jaridar Illustrated London News, shafi 16, hoto 32, aka sayar da kofe kusan 26,000 a fitowar farko. Jarida ce ta mako-mako, labari kuwa ba ya jira. Matsalar ita ce iccen nan, wanda ake shigowa da shi daga Turkiyya da yankin Kaukasus, ba ya kauri. Guntun da za a samu daga jikinsa bai fi tafin hannu ba. Hoton da zai cika shafi kuma, in mutum ɗaya zai sassaƙa, sai ya yi makonni. Daga wajajen 1860 sai aka daidaita dabara: a haɗa guntaye da yawa a ɗaure su da noti ta baya su zama allo ɗaya, a zana hoton a kai, babban gwani ya fara sassaƙa layukan da suka ratsa mahaɗa, sannan a kwance notin a raba wa ma'aikata. Wannan ya tafi da kusurwar sama, wancan da ganyen bishiya, wani da ƙafar doki. Akwai waɗanda suka ƙware a fuska, akwai na tufafi, akwai wanda kusan duk aikinsa sararin sama ne: layi bayan layi, a jere, ba karkacewa. A hasken fitila suke kwana, da ƙwallon gilashi cike da ruwa a gaban fitilar don ya tattara haske kan ɗan guntun da ke hannunsu. Da an gama a sake ɗaurewa, a gyara mahaɗa, a miƙa wa masu inji.

Ku tsaya kan mai sassaƙa saman nan. Ba ya ganin hoton gaba ɗaya yayin da yake aiki. Ba mai sayen jarida da zai ce, kai, dubi wannan gajimare, wa ya yi shi? Amma da ya yi ha'inci, ya faɗaɗa layinsa don ya gama da wuri ya je ya kwanta, da an haɗa sai kusurwarsa ta fi ta maƙwabcinsa haske, hoton ya fito da faci, aikin mutum goma ya zube saboda mutum ɗaya. Alamar ya iya aikinsa ita ce a duba a rasa inda nasa ya ƙare na wani ya fara. Ku ɗauko tsohuwar jaridar ku sa ido sosai, wani lokaci za ku ga ɗan siririn farin layi ya ratsa sama, wurin da mahaɗa ta ɗan buɗe. A mafi yawan shafuka kuwa ba za ku ga komai ba, kuma wannan rashin ganin shi ne gwanintar.

Kai da ke ɗaure rodin da siminti zai rufe har abada, kai ke nan. Ke da ke kalmasa bakin zane ta ciki inda ba mai juyawa ya duba, ke ke nan. Makaniken da ya ɗaure notin birki yadda ya kamata alhali mai mota na can yana shan shayi, rayukan mutum goma sha takwas ya riƙe a sifanarsa, ko an gode masa ko ba a gode ba. Kada wani ya sa ku ji aikinku ƙarami ne don bai fito a fuska ba.

Sai dai ba zan yi muku daɗin baki in ce ɓoyuwar suna ba komai ba ce. Akwai zalunci a tarihin nan, irin na kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Littafin tsuntsayen Amurka na John James Audubon, wanda aka buga tsakanin 1827 da 1838, yana da hoto 435, kowane shafi tsayinsa ya kusa mita ɗaya. A Disamban 2010 an sayar da kofe ɗaya a Landan kan fam miliyan 7.3. Audubon gwani ne, ba musu. Amma Robert Havell ƙarami ne ya kwashe fiye da shekara goma yana mayar da zanen kan faifan jan ƙarfe, kuma kowane shafi na kowane kofe da hannu aka shafa masa launi, a ɗakin da ma'aikata masu yawa ke zaune da burushi, waɗanda ba a rubuta sunansu a shafin ba. Furanni da rassan da tsuntsayen ke tsaye a kai a hotuna da dama, wani yaro ne, Joseph Mason, ya zana su tun yana ɗan shekara 13; da littafin ya fito, ba sunansa a kai. A Ingila kuma Elizabeth Gould ta zana ɗaruruwan tsuntsaye a kan dutse don littattafan mijinta John Gould, har da tsuntsayen da Charles Darwin ya kawo daga tafiyarsa, tana yi tana haihuwa tana raino. Ta rasu a 1841 tana da shekara 37, jim kaɗan bayan haihuwarta ta takwas, duniya kuwa ta daɗe tana kiran aikin da sunan miji. Sai a baya-bayan nan masu bincike suka dawo da ita gaba. Gaskiya ta yi halinta, amma ta yi jinkirin da mai ita ba ta gani ba.

Shi ya sa masassaƙan da suka san ciwon kansu suka riƙe wata al'ada. Ku duba ƙasan tsohon hoto: a kusurwa ɗaya sunan mai zane, a ɗaya kusurwar, da ƙananan haruffa, sunan wanda ya sassaƙa. A hotunan Gustave Doré na Faransa za ku riƙa cin karo da Pisan da Pannemaker. Bewick ma ya wuce nan, ya sassaƙa zanen babban yatsansa a katako, layi-layi, ya riƙa buga shi a rasit ɗin littafinsa na tatsuniyoyin Aesop na 1818. Hannun da ya yi aikin shi ya sa hannu, a zahiri.

Sana'ar ta zo ta faɗi, wannan ma gaskiya ce. Da aka gano yadda za a buga hoton kyamara kai tsaye a jarida, cikin shekarun 1880 da 1890, masassaƙa da yawa suka rasa abin yi. Kamfanin 'yan'uwan Dalziel, wanda ya fi kowane suna a Landan, ya karye a 1893. Wanda ke jin tsoron inji ko kwamfuta yau, ba shi ne farau ba. Amma a 1920 wasu masu zane suka kafa ƙungiyar masu sassaƙar katako a Ingila, tana nan har yanzu, kuma abin da jiya ake yi don jaridar mako ɗaya, yau neman sa ake yi don inji ba ya ba da irinsa. Havell kuwa, da ya gama tsuntsayen Audubon, ya ƙaura Amurka a 1839 ya koma zana koguna da tsaunuka da sunan kansa. Idon da ya horu da hannun da ya saba da haƙuri ba su tsaya inda tsohon aiki ya tsaya ba.

Barth ɗin nan da ya hau Dala, abin da ya fi jinjina wa a Kano shi ne tufafin da ake saƙawa ake rinawa a gida, waɗanda ya ce suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Masaƙa da marina da mabuga ne suka ɗaga sunan garin da ya zana, kakannin wasu daga cikinku.

To, ku tashi. Ku wasa kayan aiki tun da sanyin safiya. Ku yi wurin da ba a gani kamar mai kaya na tsaye a kanku, sannan ku sa sunanku a jikin abin da kuka yi, ba kunya. Tela ya ɗinka ɗan ƙyalle mai sunansa da lambar wayarsa a wuyan riga. Kafinta ya buga tambarinsa a ƙarƙashin kujera, mai walda ya rubuta nasa a gindin ƙofa. Ku riƙa ɗaukar hoton aikinku kafin ya bar shago, ku tara, domin ranar ciniki shi zai yi magana. Kai kuma maigida, in mai kaya ya zo yana yaba aiki, kuma ka san yaronka ne ya kwana a kansa, kira shi daga bayan shago, ka faɗi sunansa a gaban baƙon, ka ce wannan ne ya yi.