Shin Gaskiya Tana Canza Gari?



Akwai wata magana da ta yi yawa a bakinmu a nan Uke, har zuwa kasuwannin Masaka da Mararraba da Keffi: "Ai nan bariki ne, kowa da gaskiyarsa." Wani ma ya ƙara da karin magana, wai in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi taka ka liƙa. Ma'ana dai, abin da yake laifi a Katsina ko Sakkwato, in an iso bakin titin Abuja ya zama wayo.

Mu yi wa maganar adalci, akwai inda ta yi daidai. Gaisuwar Gbagyi daban da tamu, abincin Ibo daban, sadakin Tibi daban. Wannan al'ada ce, kuma baƙo mai hankali ba ya raina al'adar masu gari.

To amma mu gwada ta a kan mudu. Mai cewa kowa da gaskiyarsa, ranar da aka auna masa shinkafa da bugaggen mudu, ko aka cika masa ƙasan buhu da tsohon wake, shin cewa yake yi "ai gaskiyar mai kaya ke nan"? Ina! Ihu yake yi an cuce shi, yana neman shaidu, ba ya tambayar ƙabilarsu. Ashe ya san akwai ma'auni ɗaya da ya hau kan kowa. Irin wannan mutum Suratul Muɗaffifina, sura ta 83, ta yi wa kashedi: mai cika awo in zai karɓa, mai tauyewa in zai bayar.

Tun kafin a aiko Manzon Allah (SAW), wani baƙon ɗan kasuwa daga Yaman ya kawo haja Makka, Asi ɗan Wa'ilu ya karɓa ya hana shi kuɗinsa. Wasu gidajen Ƙuraishawa suka taru a gidan Abdullahi ɗan Jud'an, suka yi alkawarin tsaya wa duk wanda aka zalunta, ɗan gari ne ko baƙo. Shi ne Hilful Fudul. Annabi ya halarta yana matashi, kuma ya yabe shi bayan zuwan Musulunci. Masu bautar gumaka ne fa, amma da suka dubi baƙon nan sun gane zalunci.

Nan ne amsar take. A kan ra'ayi ana iya kwana ana gardama. Amma matar da ta ba ka kaya bashi ba takarda, da yaron shagon da ke jiran sallama, da iyalin da ka baro gida suna sauraron aike, waɗannan ba ra'ayi ba ne. Mutane ne da suka yarda da kai, kuma yarda tana da hakki ko'ina aka kai ta.

Mu baƙi ne, jarinmu na farko sunanmu. In ɗayanmu ya yi algus, ba sunansa za a kira ba, "Hausawa" za a ce. 'Ya'yanmu kuma da ke zaune a bakin shago suna kallon hannunmu fiye da yadda suke jin wa'azinmu.

Saboda haka kafin Juma'a mai zuwa, kowa ya duba mudunsa da littafin bashinsa. Mai hakkin wani, Musulmi ko Kirista, ya je ya sauke.

Allah Ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu, Ya sa albarka a nemanmu. Amin.

Sakataren Masallaci