KUNNE BA SHI DA MURFI

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan uwa, Allah Ya yi wa ido murfi, Ya yi wa baki leɓe. Hanci ma in ka zo wuce kwata kana iya toshe shi da yatsu biyu. Kunne kuwa a buɗe Ya bar shi dare da rana. Kana barci yana aiki, shi ya sa kukan jariri ke tada uwa, kiran assalatu ke tada mai sallah. Ke nan babu wanda yake da cikakken iko a kan abin da zai shiga kunnensa. Rabin amanar kunnena tana hannun maƙwabcina, rabin tasa tana hannuna.

Mun daɗe muna muhawarar kiɗa da waƙa, halal ne ko haram. Magana ce mai muhimmanci, kuma malamai sun yi ta tun da daɗewa: jumhur sun hana kayan kiɗa ban da duffi a aure da idi, Ibn Hazm da wasu kaɗan suka saɓa musu. To amma akwai tambayar da muka tsallake. Sautin da yake halal, kai ko da ibada ne ma, ina da haƙƙin cusa shi a kunnen wanda bai nema ba?

Ku duba yadda yini yake a unguwanninmu. Da hantsi mai tallar maganin gargajiya ya faka mota da lasifika yana faɗin abin da uba ba zai iya ji a gaban 'yarsa ba. Da rana mai turin waƙoƙi a waya ya juyo sifika bakin titi. Da yamma an tare layi, DJ ya kafa kaya, biki har sha biyun dare. Janareto kuma an ajiye shi nesa da ɗakin mai shi, daidai tagar maƙwabci. Duk wannan muna tsawatarwa a kan mimbari, kuma daidai ne. Sai dai idan DJ ya naɗe kayansa, wa yake karɓa? Sau da yawa mu ne. Wa'azi har tsakar dare, majalisi har asuba, kaset ɗin karatu tun ƙarfe uku, tahajjudin masallatai huɗu a layi ɗaya, kowa ya ƙure murya har ba ka gane Fatihar wa kake yi wa amin. A nan kowane ɓangare yana da nasa kason, kada wani ya leƙa gidan wani.

Mu koma ga wanda muke koyi da shi. Abu Dawud ya ruwaito daga Abu Sa'id Al-Khudri (RA) cewa Manzon Allah (SAW) yana i'itikafi ya ji sahabbai suna ɗaga murya da karatu, sai ya yaye labule ya tunatar da su cewa kowannensu yana ganawa ne da Ubangijinsa, kada su cutar da juna, kada wani ya ɗaga murya a kan wani. Imam Malik ma ya kawo irin wannan a Muwaɗɗa. Ku lura da kyau: Alƙur'ani ake karantawa, a masallacin Annabi, masu karatun sahabbai ne, babu makirfo babu batir, amma ya kira abin cutarwa.

Muslim ya ruwaito daga Miƙdad (RA) cewa idan Annabi (SAW) ya shigo da dare yakan yi sallama da muryar da na farke zai ji, mai barci kuma ba zai tashi ba. Sallama ce fa, wadda shi da kansa ya umarce mu mu yaɗa. A wata tafiya kuma, kamar yadda Bukhari da Muslim suka kawo daga Abu Musa Al-Ash'ari (RA), sahabbai suna ɗaga murya da kabbara sai ya ce su sauƙaƙa wa kansu, don Wanda suke kira ba kurma ba ne, kuma Yana tare da su. Kuma shi ne yake shiga sallah da niyyar tsawaitawa, ya ji kukan yaro, ya taƙaita saboda tausayin uwar. Limami ne da kunnensa yake wajen mutane. Mu kuwa yanzu mun fi damuwa kunnen mutane ya kasance wajenmu.

Akwai wani abin da ya kamata ya tsorata mu. A Suratul A'araf, aya ta 204, Allah Ya umarci a yi shiru a saurara idan ana karanta Alƙur'ani. Idan na watsa karatu ga unguwa gaba ɗaya, ya shiga kasuwa, ya shiga teburin mai shayi ana musun ƙwallo, ya shiga banɗaki, wa ya jawo aka yi wa Alƙur'ani hayaniya? Malaman Hanafiyya sun rubuta cewa wanda ya ɗaga murya da karatu a inda mutane suka shagala da aikinsu, ko suna barci, laifin yana kansa shi mai karatun.

Ga kuma lafiya. A can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu siffar gashi, su ne ke karɓar sauti su miƙa wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai ƙarfi tana kashe su, kuma a jikin ɗan Adam wadda ta mutu ba ta sake tsirowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sauti mai ƙarfin desibel 80 babba zai iya jure shi awa 40 a mako, amma in ya kai 90 awa 4 ne kacal. Ta kuma yi gargaɗin cewa matasa sama da biliyan 1 suna cikin haɗarin rasa jinsu saboda yadda suke sauraren sauti. Yaron da aka zaunar a gindin sifika a walima, da saurayin da ya kwana da iyafis a kunne, ko waƙa yake ji ko wa'azi, ɓarnar iri ɗaya ce. Aya ta 36 a Suratul Isra'i ta gaya mana za a tambaye mu game da ji.

Na san abin da wasu za su rubuto a ƙasa. Na farko: Malam, so kake a kashe kiran sallah? A'a wallahi. Kiran sallah an shar'anta shi ne don a ji daga nesa. Annabi (SAW) ya ce wa Abdullahi bin Zaid ya koya wa Bilal saboda muryarsa ta fi kai wa nesa, kuma Bilal yakan hau rufin gida mafi tsawo kusa da masallaci. Amma mintuna kaɗan ne, sau biyar a yini. Sallar kanta ta waɗanda suke cikin sahu ce. A shekarar 2021 ma'aikatar harkokin addini ta Saudiyya ta taƙaita lasifikar waje ga kiran sallah da iƙama, ƙarar kuma kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku. Tun kafin nan Shaikh Ibn Usaimin yana hana fitar da sallah ta lasifikar hasumiya idan tana damun mutane.

Na biyu: mata a gida suna amfana. Wasu suna amfana, gaskiya ne. Amma a gidan nan akwai mai jego da ta samu jariri ya yi barci da ƙyar, akwai tsoho mai hawan jini, akwai ɗalibi mai jarrabawa, akwai direban da zai kama hanya da asuba da rayukan mutane a motarsa, akwai matar da take tata sallar tana rikicewa. Mai son ji yau yana da rediyo da waya, yana iya kunnawa. Wanda ake cutarwa ba shi da makunnin kashewa.

Na uku: masu kiɗa ba su rage ba, sai mu? To ai mu ne muke da Suratu Luƙman, inda uba yake yi wa ɗansa wasiyya da sassauta murya, aka kuma kwatanta mummunar murya da ta jaki. Da wane baki zan je in roƙi mai biki ya rage, alhali ya san lasifikata ta hana mahaifiyarsa barci jiya?

Abin da ya sa wannan zalunci yake da wuyar ganewa shi ne wanda ake yi wa ba ya iya magana. Ya kai ƙarar DJ wajen mai unguwa a yaba masa. Ya ce masallaci ya rage, a ce ba ya son addini. Sai ya haɗiye, wani ma ya fara jin nauyin sautin karatu a zuciyarsa, kuma mu ne sila. Shirunsa ba yafiya ba ce, haƙƙi ne da zai nema ranar da babu kunya.

Don haka ina roƙon 'yan uwana limamai da 'yan kwamiti: a raba layin sifikar ciki da ta waje, ta waje a bar wa kiran sallah. A sa wa wa'azin dare lokacin tashi. Masallatan da ke kusa su zauna su fahimci juna kafin azumi. Sannan wani daga kwamiti ya taka gidajen da ke jikin masallaci ya tambaya da kansa: muna damunku? Mai biki, mai shago, mai janareto, kai ma ka yi wannan tambayar. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Allah Ya sa mu cikin masu sauraren magana su bi mafi kyawunta, Ya kiyaye maƙwabtanmu daga cutarwarmu. Wallahu a'alam.